Na Taɓa Haƙorin Mamansa

Jama'a, yau kam ba zan wanke kaina ba. Masu zagina a ƙasan rubutu ku gyara zama, na kawo muku abin yi. Sai dai ku bari in faɗi yadda abin ya faro, don wallahi ban tashi da niyyar cutar da kowa ba. Kishi ne ya ja ni, ni kuma na bi shi ido rufe.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni likitar haƙori ce, wata tara ke nan da na fara aiki a wani ƙaramin asibitin haƙori mai hawa biyu. Mu uku ne likitoci a ƙasa. Akwai Oga mai asibitin, akwai ni, sai wata da ta riga ni zuwa da shekara biyu, wadda Oga ya laƙaba wa 'Yar Gwal. A sama kuma ɗakin ƙira yake, inda ake haɗa haƙoran roba da na tangaran. Can wanda nake so yake aiki. Gwaggona ce ta fara kiransa Maƙeri don ta ƙona min rai, sunan kuwa ya bi shi. Ni kaina haka na sa masa a waya, sai dai na ƙara ɗan hoton zuciya a gefe.

Ga yadda aikinmu yake haɗuwa. Ni zan sare ruɓaɓɓen wuri a haƙorin mutum da inji, in fitar da gurbi, in ɗauki awonsa da wani kwaɓi mai kama da cingam, in aika sama da takarda mai ɗauke da sunana. Shi zai zuba farin siminti a awon ya fitar da samfurin haƙorin, a kansa zai ƙera cikon tangaran daidai gurbin, ya aiko in manna. Wani cikon a tsakiyar haƙori yake zama. Wani kuma yakan hau har kan tudun haƙorin ya rufe shi, idan tudun ya yi rauni.

A satina na biyu ya sauko da samfur a hannu, hannun rigarsa duk farar ƙura, yana tambayar Sista, nas ɗin da ke taya mu aiki, "Wace ce bahaguwa a nan?" Bai taɓa ganina ba fa. Wai daga yadda bakin inji ya kwanta a bangon haƙorin ya gane da hagu aka yi aikin. Na ɗago daga rubutu, biro a hannun haguna, muka haɗa ido. Daga ranar ban sake samun kaina ba.

To amma mutumin nan yana da wani jan fensir, kuma jan fensirin nan bai san soyayya ba. Duk aikin da bai yi masa ba, zagaye laifin yake yi a jikin samfurin ya dawo da shi ƙasa a ɗan akwatin roba. Nawa sau uku ya dawo a wata ɗaya.

Ranar da na ukun ya dawo na hau sama a fusace. Na same shi a gaban fitilarsa, gilashin ƙara girma a goshi, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, tandar gasa tangaran tana ta huci a lungu.

Na ce, "Wai ni kaɗai ka raina ne a gidan nan?"

Ya jawo min kujera da ƙafa. "Zauna, Likitata. Matsalarki ɗaya ce, har yanzu hannunki ramin baƙin ciko yake yi. Baƙin ciko ɗanye ake cusa shi, shi ya sa aka koya muku rami irin tulu, ciki da faɗi baki a tsuke, don ya maƙale. Tangaran kuwa a ƙere yake zuwa, ba ya lanƙwasuwa. Gurbinsa kamar kofin shayi ne, baki ya ɗan fi gindi buɗewa, ya zame ya zauna. In kika bar min lungu a bango, ta ina zai shiga?"

"Na sani, ai na ci jarrabawa."

"Kin sani a ka, hannu ne bai sani ba tukuna. Dubi nan, kusurwa ce mai kaifi, ita ke tsaga tangaran, zagaye ta za ki yi. Nan kuma ba ki ba ni zurfi ba. Milimita biyu nake so, in ba haka ba cikon zai fito siriri, ranar da mutum ya tauna ƙashi ya fashe. Bakin gurbin kuma ki yanke shi a tsaye, kar ki fere shi."

Da a nan ya tsaya, da na haɗiye. Sai ya miƙa hannu ya ɗauko wani samfurin daga kan kanta, a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwai. Ya juya shi a ƙarƙashin fitila, wani murmushi ya sauko masa wanda na rantse nawa ne ni kaɗai.

"Kalli na 'Yar Gwal. Kai! Yarinyar nan hannunta akwai albarka. Ko ido rufe zan ƙera wannan."

'Yan uwa mata, ku faɗa min gaskiya. Ni na sha sabuwar atamfa mai ruwan zuma a ƙarƙashin farar rigar aiki, na ɗaura kallabi ya zauna, na fesa turaren da shi da bakinsa ya ce yana so. Bai ce uffan a kai ba. Amma ga shi yana lumshe ido a kan haƙorin siminti, don wata ce ta sare shi. Na sauko matattakalar nan ƙirjina kamar an zuba garwashi.

Abin haushin, 'Yar Gwal ba ta da laifin da zan kama. Doguwa ce, mai sanyin magana, kullum cikin abaya mai ruwan toka, ko hoda ba ta cika shafawa ba. Ita ta nuna min inda ake ajiye komai ranar da na zo. Ita ke kawo min shayi in na makara ban karya ba. Na yi ta neman abin da zan tsane ta a kai, ban samu ba, sai na tsane ta a kan hakan.

Da yamma na koma gida na tarar da takalman Gwaggo a ƙofar falo, na san yau akwai wa'azi. Tana zaune a kan kafet ta miƙe ƙafa, Umma na ninke wanki a kan doguwar kujera, fanka na ta kaɗa labule.

"A'a, ga amaryar Maƙeri! Ya wuta, ya zuga-zugi?"

Na durƙusa na gaishe ta. "Gwaggo, ba ƙarfe yake ƙerawa ba."

"Oho dai. Shekara shida ubanki yana kai ki makaranta, ki fito likita, ki ƙare a hannun mai kwaɓa siminti. Ga ɗan ƙawata nan likitan zuciya, har gobe yana tambayarki."

Umma ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya, a bar maganar nan." Sannan ta dube ni. "Amma Auta, kin ji abin da Babanku ya ce. Ƙarshen watan nan in mutanensa ba su zo ba, a rufe zancen. Saura kwana goma sha ɗaya. Me ya tsayar da su?"

Na ce, "Mamansa ce. Ta ce ba ta yanke hukunci da hoto, sai ta zo ta gan ni ido da ido."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ikon Allah! Su ne ma masu dubawa."

Na shige ɗaki na faɗa kan gado ko kallabi ban cire ba. Waya ta yi ƙara. Shi ne. Na ɗauka da sauri ina cewa yanzu zai lallashe ni. Hoto ne, na haƙorin siminti. A ƙasa ga saƙon murya na minti uku. Na danna.

"Likitata, kin ga dabarar da 'Yar Gwal ta yi a nan? In kika cire tsohon ciko kika tarar da lungu a bango..."

Na kashe. Na rubuta masa: *Na gode, Malam.*

Ya rubuto: *Kin saurara har ƙarshe?*

*Eh.*

*Fushi kike?*

*Wane ni.*

*To ki ci abinci. Akwai abin da nake shirya miki satin nan.*

Na kife wayar, na kuma bar sauran saƙon nan ban ji ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar Laraba ina duba littafin masu zuwa a teburin Sista, idona ya faɗa kan layin Alhamis ƙarfe goma. An rubuta da hannun Sista: *Maman Maƙeri, haƙorin turmi na ƙasa a dama, tangaran.* A gaban layin, sunan likita: 'Yar Gwal.

Sai da na karanta sau uku. Na ce, "Sista, wannan fa?"

"Au, ba ki sani ba? Shi ya sauko da kansa ya roƙa. Ya kawo hoton haƙorin da aka ɗauka a garinsu, ya ce lallai 'Yar Gwal yake so ta yi."

Lallai. Matar da nake jira ta zo ta gan ni, matar da aurena ke hannunta, za ta shigo asibitin da nake aiki, ta wuce ƙofata, ta buɗe wa wata baki. Kuma ɗanta ne ya zaɓa. Me zai ce mata? "Mama, ga mai hannun albarka, waccan kuma da nake so ba ta iya ba"? Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata, na wanke fuska na fito ina murmushi. Ban tambaye shi ba. Da na tambaye shi, da yau ba ku da labarin karantawa.

Alhamis da safe ina sa farar riga saƙo ya shigo daga 'Yar Gwal.

*Ƙawata, Babana ba lafiya, muna asibiti da shi, Oga ya ba ni har Litinin. Don Allah ki ba Maman Maƙeri haƙuri, ki mayar da ita Litinin. Na kira shi wayarsa ba ta shiga. Ya ce ni zan yi, kar ya ji babu daɗi.*

*Ya ce ni zan yi.* Na tsaya ina kallon kalmomin nan. Ranar Alhamis Maƙeri zagayen wasu asibitoci yake yi yana karɓo aiki, ba ya dawowa sai bayan azahar. Oga yana ɗakinsa da wani da ya zo cire haƙori. Sai wani abu ya raɗa min: ki yi shi. Ki yi shi ya fi nata kyau. Gobe ya ɗauki samfurin ya lumshe ido ya ce hannun nan akwai albarka, sannan ki ce masa naki ne.

Na ce, "Sista, shirya min ɗakin 'Yar Gwal. Ni zan duba Mama."

Ta dube ni ta saman gilashi. "Dakta, an ce a ɗaga fa."

"Tsohuwa ta taso daga wani gari, sai mu ce ta koma? Shirya kawai."

Na sa hula na tura gashina duka, na ɗaura takunkumi har ƙasan ido, na sa safar hannu, sannan na ce a shigo da ita. Niyyata sai na gama, ta yaba, sannan in sauke takunkumin.

'Yar ƙaramar mace ce, fara, da farin mayafi mai ɗigon shuɗi, tana riƙe da jaka da wata leda mai kyalli. Goshinsa ne sak, har yadda take karkatar da kai in za ta yi magana. Na gaishe ta har ƙasa. Ta cire gilashinta ta ba Sista, ta hau kujera tana bismillah.

Na kwantar da kujerar na sunkuyo. Ta ce, "Idonki kaɗai nake gani, 'yar nan, amma ido ne na mai tausayi. Har da tawadar Allah a ƙasansa. Ki bi ni a hankali, ni matsoraciya ce."

"In sha Allahu, Mama, ba za ki ji komai ba."

'Yar Gwal ta riga ta rubuta tsarin aikin a kati. Tsohon baƙin ciko ne babba, tudu ɗaya ya tsage, za a sauke shi milimita biyu a rufe da tangaran. A ƙasa ta ja layi biyu: *Cikon yana kusa da jijiya, a kula.* Na karanta, na ce a raina ai ba ita kaɗai ta je makaranta ba.

Na yi allurar kashe zafi, na jira leɓe ya mutu, na kunna inji. Farko komai ya tafi daidai. Na cire baƙin cikon tas, na sauke tudun, na auna, milimita biyu cif. Na zagaye kusurwoyi, na yanke baki a tsaye. Har na fara jin daɗi. Sai na sa madubi na ga abin da tsohon cikon ya bari: lungu a gindin bangon ciki, irin na tulu.

Nan take na ga jan fensir a idona. Na gan shi yana zagaye wurin, yana girgiza kai. Na ce wallahi yau ba za ka samu abin zagayewa ba. Na sa bakin inji a bangon na fara sharewa don ya miƙe. Na duba, saura kaɗan. Na ƙara. Yanzu wannan gefen ya fi wancan buɗewa, na koma wancan in daidaita. A lokacin ba haƙori nake gani ba, fuskarsa nake gani da ta 'Yar Gwal.

Sista ta ce ƙasa-ƙasa, "Dakta, ya isa haka."

Na ce, "Saura kaɗan."

Na sake taɓawa sau ɗaya. Da Sista ta busar da wurin sai ga wani ɗan ɗigo ja, bai fi kan allura ba, a gindin bangon. Ina kallo ya ƙara girma.

Innalillahi. Na buɗe jijiya.

Ku da ba aikinku ba ne, ku gane: a tsakiyar kowane haƙori akwai jijiya mai rai. Haƙorin Mama ya tsufa, ya tsage, amma da ransa ya shigo ɗakin nan. Ni na huda shi, kuma ba ruɓa ce ta kai ni can ba. Naman haƙori mai lafiya na yi ta sarewa don kar a zagaye min aiki.

Sista ta raɗa, "In kira Oga?"

Na girgiza kai. Na tsayar da jinin, na sa maganin da ake rufe jijiya da shi ina addu'a ya kama, na ɗauki awo, na sa cikon wucin gadi. Zufa ta jiƙa min hula. Mama kuwa ko motsi ba ta yi ba, hannuwanta a kan ciki, ta yarda da ni ɗari bisa ɗari.

Da na ɗaga kujerar ta kurkure baki, ta kamo hannuna da leɓenta a karkace saboda allura.

"Allah ya yi miki albarka. Ke ce ƙawar tata ko? Wadda suke aiki tare?"

Na ce, "Na'am, Mama?"

"Yarinyar da ɗana yake so. Ai ni cewa na yi ita za ta yi min, in ga hannunta in ga halinta. Ya ce a'a, Mama, a aikinsu likita ba ya taɓa nasa, hannu rawa yake yi. Ya ce ita ai 'yarki ce, ba za ta iya ganin jininki ba, ƙawarta za ta yi. Na ce to, tun ban gan ta ba har ta zama 'yata?" Ta yi dariya tana dafe kumatu. "Yaron nan ya mutu a kanta. Kullum Likitata, Likitata. Wai a cikin hannu ɗari zai gane nata. Tana ina? Ya ce in na gama in jira ta, bai gaya mata zan zo ba."

Jama'a, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Hannuna yana kan igiyar takunkumi, na kasa ja. Sista ta juya baya tana ta goge abin da ta riga ta goge.

Na ji bakina yana cewa, "Ta fita, Mama. Oga ya aike ta, sai gobe."

"Ayya. To ga wannan ki ajiye mata." Ta miƙo min ledar nan mai kyalli. "Ki ce in ji Mamanta. Kuma ke da kike zaune da ita, tsakaninki da Allah, tana da haƙuri?"

Na ce, "Tana ƙoƙari, Mama."

Bayan ta tafi na zauna da takardar da za ta bi awon zuwa sama. 'Yar Gwal ta riga ta cike ta tun ranar Talata, da sunanta a ƙasa. Abin da ya kamata in yi bai fi daƙiƙa biyu ba: in soke nata in sa nawa, in rubuta a kati cewa jijiya ta buɗe. Na riƙe biron har ya yi zafi a hannuna. Na ninke takardar yadda take na sa a akwati. Na san Litinin asirina zai tonu, amma a lokacin Litinin nisa gare ta.

A banɗaki na buɗe ledar. Mayafi ne ruwan zuma, mai laushi, da ɗinkin hannu a baki-baki. Kalar da ya san ina so. Na cusa fuskata a ciki, sannan na ciro waya na nemo saƙon muryar nan na danna daga inda na tsaya.

"...kika tarar da lungu a bango, kar ki bi shi da inji. Ita ba ta sare bangon ba, farin ciko ta sa ta cike lungun, bango ya miƙe, ba ta taɓa naman haƙori ba. Abin da kika cike ana iya cirewa, abin da kika sare ya tafi ke nan. Na san kina jin haushin jan fensirina. Wallahi don na ga hannunki zai fi na kowa ne a gidan nan, shi ya sa ba na ɗaga miki ƙafa. Ke kaɗai nake yi wa saƙon minti uku."

Amsar tana cikin wayata tun ranar Litinin. A aljihuna take lokacin da nake sare haƙorin uwarsa.

Da la'asar ya rubuto: *Mama ta ce ba ta same ki ba. Na so in ba ki mamaki, ke kika ba ni. Ina Oga ya aike ki?*

Na rubuta *Wani asibiti*, na aika. Ƙarya ta biyu ke nan, ta fi ta farko sauƙin fita, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. A gida Umma ta ga mayafin a jakata ta ce wa ya ba ni, na ce saya na yi. Ta uku.

Juma'a da safe na zo da wuri na zauna a ɗakina, kunnena yana kan silin. Ina jin takunsa a sama, ina jin ƙarar injin da yake gyara samfur da shi. Can injin ya tsaya. Shiru ya yi tsawo. Sai wayarsa ta yi ƙara, na ji muryarsa sama-sama, na ji ya sauko da gudu ya fita ta ƙofar baya.

Bayan awa ɗaya ya turo ƙofata ba sallama. Bai taɓa yin haka ba. Idonsa ja, rigarsa a karkace. Ya kamo hannuna na hagu, ya buɗe tafin, ya ɗora min samfurin a kai.

Na juya shi ina neman jan fensir. Babu ko ɗigo.

Ya ce, "Ban zagaye komai ba. Jan fensir na abin da za a iya gyarawa ne."

"Ka tsaya in..."

"Sunan da ke takardar ba naki ba ne. Amma tun kafin in san fuskarki na san yadda injinki yake kwanciya a bango. Kin zaci zan manta?" Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ihu ya yi da ya fi min sauƙi. "Na kira 'Yar Gwal, tana gefen gadon babanta, ta ce ko ganin Mama ba ta yi ba. Da ban san hannunki ba, da ita zan ɗora wa wannan. Kin san haka lokacin da kika bar sunanta?"

Na ce, "Na sani." Hawaye ya zubo. "Kishi nake yi. Na zaci ka raina ni ne. Na zaci ita ka..."

"Ita?" Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "Aikinta nake yabo. Ke kuwa uwata na kawo miki."

Ya goge fuska da tafin hannu. "Tun da allurar ta sake ta take juyi, ta hana a gaya min sai da gari ya waye. Ko ruwa ba ta iya sha. Oga ya duba ta yanzu, ya ce jijiyar ba za ta rayu ba, cire ta zai yi. Tana ɗakinsa a kan kujera." Sannan ya ƙarasa. "Ta ce ba za a taɓa ta ba sai an kira mata 'yarta ta riƙe mata hannu. Wai jiya da 'yarta tana nan da haka ba ta faru ba."

Na dafe tebur.

"Ban gaya mata komai ba, kuma ba zan gaya mata ba. Ba kuma zan yi mata ƙarya ba. Ke za ki zaɓi wadda za ta shiga ɗakin nan."

Ya matsa ya bar min ƙofa. Takunkumi yana rataye a wuyana. Na kwance shi na ajiye a kan tebur kusa da samfurin. Na buɗe jaka na ciro mayafin ruwan zuma, na dube shi, na mayar. Ban cancanci sa shi ba tukuna.

Taku goma sha biyu ne daga ƙofata zuwa ta Oga, na ƙirga su. Sista tana tsaye a bakin ƙofa, ta kauce ba ta dube ni ba. Mama tana kwance, ta dafe kumatu da gefen mayafinta, idonta ya faɗa saboda rashin barci. Da ta ji motsi ta juyo, ta ga ɗanta a bayana, sai fuskarta ta washe duk da ciwon.

"Ita ce? Zo nan, 'yata. Zo kusa, ban sa gilashi ba."

Na durƙusa a gefen kujerar. Ta kama fuskata da hannu biyu ta jawo ni kusa, daidai nisan jiya. Murmushinta ya tsaya. Babban yatsanta ya tafi a hankali ya sauka a kan tawadar da ke ƙasan idona.

Ta ce, "Na san idon nan."

Na ce, "Eh, Mama. Ni ce ta jiya."